ƘARFIN DAMTSE DA SANA'AR HORAR DA JIKI



In ka fito da sassafe a garin Damagaram, bayan sallar asuba, me kake gani? Ga mai shayi yana hura wuta. Ga ƴan kabu-kabu suna goge babura. Ga kuma wasu mutane suna gudu a bakin hanya. Wasu samari ne, wasu kuwa magidanta ne masu furfura da tumbi. In ka shiga lungu, wani lokaci sai ka ji ƙarar ƙarfe. Samari ne ke ɗaga nauyi a ƙarƙashin rumfa.

A da, ba wanda ke ce wa manomi ya motsa jiki. Gona ta ishe shi. Mace ma daka da jan ruwa a rijiya sun ishe ta. Yanzu zaman birni ya sake. Ma'aikaci yana wuni kan kujera. Ɗan kasuwa yana wuni cikin rumfa. In za a je ko'ina, sai a hau babur. Ga maiƙo, ga zaƙi, ga gishiri a abinci. Sai hawan jini da ciwon sukari su samu ƙofar shiga.

Mutum ya je asibiti, likita ya ce masa: "Je ka riƙa motsa jiki." To, amma ta yaya? Daga ina zai fara? Wa zai nuna masa? A nan ne wata sana'a ta samu. Ita ce sana'ar mai horar da jiki. Mutum ne da ke aiki a gidan motsa jiki, yana koya wa jama'a, ana biyan shi.

Wataƙila kai mai ƙarfi ne. Wataƙila ɗanka ne, ko ƙanenka. To, ka karanta wannan darasi a hankali. Magana ɗaya ce a cikinsa: ƙarfi shi kaɗai ba sana'a ba ne. Sai an haɗa shi da sani da amana, sannan yake ciyar da gida.

1. Ba baƙon abu ba ne

Horar da jiki ba daga waje ya zo mana ba. Mun gaje shi. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi, samari kan fito dandali su yi kokowa. Makaɗa na kiɗa, ƴan mata na guɗa. Kowane gari yana taƙama da gwaninsa.

A shekarar 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka fara gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya. A Tawa aka yi ta farko. Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Yanzu jihohi 8 ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa 10. Ka ga mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne. Filin kokowa na Damagaram ma sunan gwaninmu yake ɗauke da shi, wato Langa-Langa.

Ranar ƙarshe, idon kowa yana kan wanda ya ɗaga takobi. Amma ka duba bayansa. Akwai wani mutum a zaune, ba a yi masa kirari. Shi ne mai horo. Shi ya tashe shi gudu da asuba. Shi ya ce masa: "Gyara tsayuwarka." Shi ya ce: "Yau ka huta." Sau da yawa mai horon bai kai ɗan kokowar ƙarfi ba. Amma ya fi shi gani.

Haka abin yake a sauran wasanni. A 2016, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasan tekwando, a gasar Olamfik ta birnin Riyo, ƙasar Brazil. Ba shi kaɗai ya kai kansa can ba. Masu horo sun yi shekaru suna aiki a kansa.

2. Samarin Kara-Kara

Kowa a Damagaram ya san Kara-Kara. Unguwa ce a gefen gari. Tun asali, nan aka keɓe masu cutar kuturta. Yara da yawa sun tashi a can ba su shiga lakwal ba, ba su kuma samu aikin yi ba. Wasu samari suka kafa ƙungiyoyi da ake kira "pale". Kalmar Faransanci ce, ma'anarta fada. Wasu daga cikin ƙungiyoyin sun yi ƙaurin suna wajen faɗa da tsorata mutane.

A 2021, wata ƴar garin nan, Aisha Maki, ta fito da fim mai suna "Zinder". Ta shiga unguwar, ta zauna da samarin, ta ji ta bakinsu. A cikin fim ɗin an ga yadda suke ɗaga ƙarfe a fili. An kuma ga wasunsu suna neman kafa kamfanin gadi, don ƙarfinsu ya zama abin cin abinci na halal.

Me muka koya? Ƙarfi kamar wuta yake. In ta samu murhu, ta dafa tuwo. In ta samu danga, ta ƙone gari. Saurayin da ya yi shekara biyar yana ɗaga ƙarfe yana da wani abu a hannunsa. Ya san wahala, ya san naci. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi yadda ake kula da jikin wani. Gadi hanya ɗaya ce. Horar da mutane ma hanya ce.

3. Mene ne aikin mai horo?

Gidan motsa jiki wuri ne da aka tara kayan wasa: ƙarafan ɗagawa, benci, keken da ba ya tafiya, igiyar tsalle, tabarmi. Wani gidan babba ne, da fanka da madubi. Wani kuwa rumfar kwano ce kawai, ƙarafansa siminti ne da aka zuba cikin gwangwani, ko tsoffin ƙarafan mota. Mutane suna biya, ko na rana ko na wata, su shigo.

Mai horo shi ne ke tsaye a wurin. Ga aikinsa:

Ya buɗe wuri kan lokaci, ya share, ya duba kaya.
Ya tarbi baƙo, ya tambaye shi lafiyarsa da abin da ya kawo shi.
Ya tsara masa abin da zai yi, daidai ƙarfinsa.
Ya tsaya kusa da shi, ya gyara masa kuskure.
Ya rubuta abin da aka yi.

Ka lura da abu ɗaya. A cikin duk wannan, babu inda aka ce mai horo ya cire riga yana nuna damtse. Lokacin aiki na masu biya ne. Naka horon, ka yi shi kafin su zo ko bayan sun tafi.

Kuma ba kowa ke son ya zama ƙato ba. Wannan yana son tumbinsa ya ragu. Wancan yana son ya hau bene ba tare da haki ba. Ga saurayi yana shirin gwajin shiga soja. Ga dattijo, gwiwa ke damunsa. Mutum huɗu, buƙata huɗu. In ka ba su aiki iri ɗaya, ka cuci uku.

4. Abin da za ka sani game da jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a 2020. Ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri. Ta ce kuma ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yi lissafi da kanka: minti 30 sau 5, minti 150 ke nan. Ashe ba abu ne mai wuya ba.

Yaya za ka gane motsi matsakaici? Ka yi wa mutum magana yana cikin yi. In yana iya amsa maka, amma numfashinsa ya ɗan ƙaru, to daidai ne. In ya kasa haɗa kalma uku, aikin ya yi masa yawa. Ka rage.

Sai ɗumama jiki. Kada kowa ya taɓa ƙarfe mai nauyi da sanyin jiki. A fara da minti 5 zuwa 10 na tafiya, ko gudu kaɗan-kaɗan, da juya kafaɗu da ƙugu. Ko babur ma, ai sai ya ɗan yi zafi da safe kafin a ɗora masa kaya.

Sai nauyi. Sabon shiga ya ɗauki abin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ya karkace ba. Ya huta minti ɗaya ko biyu, ya sake. Zagaye biyu ko uku sun isa. In ya yi makonni abin ya zama masa sauƙi, sai a ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai tsayuwa. In za a ɗauki nauyi daga ƙasa, a lanƙwasa gwiwa, baya ya miƙe, kayan su kasance kusa da jiki. Wanda ya sunkuya da baya ya fizgi ƙarfe, yana neman ciwon da zai bi shi har tsufa. Kada kuma a riƙe numfashi. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Riƙe numfashi yana sa jini ya hau nan take.

Sai hutu. Mutane da yawa ba su san wannan ba: tsoka ba lokacin ɗaga ƙarfe take girma ba. Lokacin hutu da barci take gyara kanta, ta ƙara ƙarfi. Saboda haka, in an wahalar da ƙirji yau, gobe a bar shi, a koma ƙafafu.

Sai abinci. Ba dole sai garin gwangwani mai tsada na kanti ba. Abin gina jiki yana nan kasuwar Dole: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, awara, nama in da hali. A haɗa da zogale da sauran ganye. Fura da tuwon gero suna ba da kuzari. Mai son rage ƙiba ya sassauta wa sukari a shayi, da lemon kwalba, da soye-soye.

Ka koyi ƙirga bugun zuciya. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa. Ka dubi agogo, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Ga baligi da ke zaune yana hutawa, daga 60 zuwa 100 a minti shi ne aka saba gani.

5. Inda aikinka ya tsaya

Kai ba likita ba ne. Ka riƙe wannan da kyau.

Duk baƙon da ya zo, ka tambaye shi: "Kana da hawan jini? Kana da ciwon sukari? Ƙirjinka yana ciwo in ka yi aiki? An taɓa yi maka tiyata? Kana shan wani magani?" In ya ce e, ka roƙe shi ya fara ganin likita, ya zo maka da abin da aka ce. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum yana yawo da shi bai sani ba. Awo ne kawai ke nunawa. In awo yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ana sake aunawa yana nan, to maganar ta likita ce.

Akwai alamun da in ka gani, a tsaya nan take: ciwon ƙirji, jiri, numfashi ya sarƙe, gani ya dushe. Ba lokacin cewa "daure, kai namiji ne" ba ne. Zaunar da shi, a nemi abin hawa, a kai shi asibiti.

Mai ciwon sukari da ke shan magani, wani lokaci sukarinsa kan faɗi yana cikin motsi. Za ka ga yana rawar jiki, yana gumi, ya rikice. In yana cikin hankalinsa, yana iya haɗiya, a ba shi sukari ko abin sha mai zaƙi. Don haka kada ƴan ƙwayoyin sukari su yanke a aljihunka.

Sai rana. Ka san zafin Damagaram. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci, horo sai da sassafe ko da yamma liƙis. Randa ko jarka ta ruwa mai tsabta ta kasance a wurin kullum. A sha kafin a fara, a sha ana cikin yi, a sha bayan an gama. Lokacin hunturu, in ƙura ta yi yawa, masu asma su yi hankali. Da azumi kuwa, a rage nauyi, a mai da aiki mai wuya bayan an sha ruwa.

6. Littafin mai horo

Ga inda karatun da kake yi a wannan aji zai yi maka rana.

Ka sayi littafin rubutu da biro. Kowane mutum ka ba shi shafinsa. A sama ka rubuta sunansa, da shekarunsa, da nauyinsa, da abin da likita ya ce, da lambar wayar wani nasa. A ƙasa ka ja layi: kwanan wata, abin da ya yi, kilo nawa, sau nawa.

In ƙarafanku na siminti ne, ka kai su a auna a sikeli. Ka rubuta nauyin kowane da fenti a jikinsa: 5, 10, 20. Wanda bai san nauyin abin da yake ɗagawa ba, cikin duhu yake tafiya.

Me ya sa littafin ke da amfani? A ce wani magidanci ya yi wata biyu yana zuwa. Rannan ya ce maka: "Ni fa ban ga wani canji ba, zan daina." In ba ka da littafi, sai dai ka yi ta rantsuwa. In kana da shi, sai ka buɗe ka ce: "Alhaji, duba nan. Ranar da ka fara, minti 5 ka yi a keke ka sauka. Jiya minti 20 ka yi." Wallahi zai yi murmushi. Gobe kuma zai dawo. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

A bayan littafin ka rubuta kuɗi: wa ya biya, nawa, yaushe. A ce mutum 20 ne, kowa yana biyan jika 3 a wata. Jika 60 ke nan. In rabonka kashi ɗaya cikin uku ne, jika 20 taka ce. In mutum 5 suka gudu saboda ba ka kula da su, nawa ka rasa? Yi lissafin ka gani. Riƙe tsohon mai zuwa ya fi neman sabo sauƙi.

Abin da ke cikin littafin nan sirri ne. Ciwon mutum ba labarin fada ba ne, ba na wurin shan shayi ba ne.

7. Ƙwaya da allura

Wata rana wani zai zo maka da ƙwaya ko allura. Zai ce: "Wannan tana kumbura damtse cikin wata ɗaya. Ka sayar wa yaranka, mu raba riba." Kada ka karɓa.

Gaskiya ne, irin waɗannan magunguna suna kumbura tsoka. Amma suna lalata hanta da zuciya. Suna hawar da jini. Suna sa saurin fushi. Suna iya rage wa namiji ƙarfin haihuwa. In kuma ana karɓa-karɓa da allura ɗaya, ciwon hanta da sida suna iya bi ta nan.

Haka tiramol, wadda wasu ke sha wai don kada su ji gajiya. Gajiya da ciwo saƙo ne, jiki ke cewa "ya isa." Wanda ya toshe wannan saƙo zai ji wa kansa rauni bai sani ba. Ƙwayar tana kama mutum, ya kasa bari, tana kuma iya sa shi faɗuwa yana shure-shure.

Samari suna kallon mai horo. Abin da ya sha, shi za su sha. In ɗan mutane ya lalace a hannunka, ka rasa sana'a, ka rasa suna, ga hukuma, ga kuma hisabi.

8. Ina ake koyo?

Hanya ta farko ita ce ta kowace sana'a: ka bi wanda ya iya. Yaron tela da ɗinkin maɓalli yake farawa. Kai ma ka fara da shara da jera ƙarafa. Ka buɗe ido, ka yi tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ka kusanci malaman wasanni na makarantun sakandare. Sun karanci jikin mutum. Ka gaishe su da ladabi, ka ce kana son ƙarin sani. Ka je ofishin matasa da wasanni na jiha, ka tambaya ko akwai wani horo da za a yi. Ka je wurin ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, ka nemi koyon taimakon gaggawa. In an ba ka takardar shaida, ka adana ta cikin leda. Ranar neman aiki, ita za ta yi magana kafin ka buɗe baki.

A Yamai akwai makarantar gwamnati ta matasa da wasanni, ana ce mata INJS. Can ake horar da malaman wasanni. Shigarta sai da takardun lakwal. In kai ba ka da su, kada ka karaya. Ƙanenka ko ƴarka da ke lakwal suna iya kaiwa can. Faɗa musu cewa wasa ma ilmi ne, ana kuma cin abinci da shi.

Wayar hannu ma tana koyarwa, amma a yi hattara. Ba duk wanda ya nuna damtse a bidiyo ne masani ba. Abin da ka gani, ka tambayi malami ko likita kafin ka gwada shi a jikin wani.

9. Kai da mai wurin

In ka samu aiki, ku yi magana a fili tun ranar farko. Albashi ne ko rabo? Nawa ne? Yaushe ake biya? Ƙarfe nawa za ka zo, ƙarfe nawa za ka tashi? Wace rana ce ta hutu? In kaya suka lalace, wa zai gyara? In wani ya ce ka riƙa zuwa gidansa kana horar da shi, an yarda?

A rubuta duka a takarda, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Yanzu ka iya karatu. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba. In da Faransanci aka rubuta, ka nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka.

Ka sani, doka ta yanka albashi mafi ƙanƙanta. Daga farkon 2024 gwamnatin Nijar ta kai shi sefa 42.000 a wata, wato jika 42. Akwai kuma asusun ma'aikata da ake kira CNSS, wanda ke taimakon ma'aikacin da aka yi wa rajista in ya ji rauni a wurin aiki ko ya tsufa. In gardama ta tashi, akwai ofishin sufeton aiki. Ba a raba ta da damtse.

Kai ma ka riƙe amana. Kada ka karɓi kuɗi a ɓoye. Kada ka janye masu zuwa a bayan idon mai wuri. In lokacin buɗe naka ya yi, ka yi sallama da shi cikin mutunci. Damagaram ba ta da girman da labari zai ɓata a cikinta.

Ka tuna kuma, jiki yana tsufa. Ka riƙa ajiye wani abu kowane wata, ko a adashe. Da shi za ka sayi ƙarafanka ɗaya bayan ɗaya.

10. Ke ma, ƴar'uwa

Wannan sana'a ba ta maza kaɗai ba ce. Hawan jini da ciwon sukari ba sa tambayar namiji ko mace. Mata da yawa likita ya ce su motsa jiki, amma ba za su shiga cikin maza ba. Mazansu ma ba za su yarda ba. To wa zai koya musu? Mace ƴar'uwarsu.

Ba sai da kaya masu tsada ba. Tsakar gida mai katanga, tabarmi, igiya, da robobin ruwa cike da rairayi sun isa a fara. Ki zaɓi lokacin da mata suka rage aiki. Kowa ta zo da suturar da ta dace. Mai ciki da mai jego su fara jin ta bakin ungozoma ko likita. Ke ma ki riƙe littafi, ki riƙe sirri. In mata suka yarda da ke, su za su yi miki talla a gidan suna da gidan biki.

11. Abin da ke riƙe mutane

Mutum yakan zo ranar farko da kunya. Yana ganin tumbinsa, yana ganin samari masu ƙirji. In aka yi masa dariya sau ɗaya, ya tafi ke nan. Kai ne za ka hana. Ka tarbe shi da fara'a, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Dattijo ka ce masa Baba. Sa'anka ka ce masa ɗan'uwa. Ka san sunan kowa. In wani ya yi kwana uku bai zo ba, ka kira ka ce: "Lafiya dai ko?"

Kada ka yi alkawarin ƙarya. Tumbin da aka yi shekara goma ana tarawa ba ya tafiya cikin mako biyu. Faɗi gaskiya, ka ba da haƙuri, ka nuna littafi.

Ya kai mai karatu, ƙarfin damtse yana da iyaka. Gwanin kokowa na bana, wata rana yaro zai kā da shi. Amma wanda ya koyi horar da mutane, ko furfura ta rufe masa kai, ana zuwa neman sa. Lafiya uwar jiki ce. Wanda aka damƙa wa lafiyar mutane, an damƙa masa babban abu. In kana son wannan sana'a, fara gobe: sayi littafi, buɗe shafin farko, rubuta sunanka da abin da ka ɗaga.

Allah ya ba mu lafiya da abin yi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara gasar kokowa ta ƙasa, kuma a wane gari?
2. Minti nawa ya kamata baligi ya motsa jiki a mako?
3. Faɗi alamu uku da in mai horo ya gani, zai tsai da aiki nan take.
4. Ka ƙirga bugun zuciya 20 cikin daƙiƙa 15. Nawa ke nan a minti ɗaya?
5. Me ya sa ake rubuta yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai wuri?
6. Ku tattauna a aji: wace hanya ce saurayi mai ƙarfi zai bi a unguwarku ya ci abinci da ƙarfinsa?